Inda Fuskarta Ke Kallo

"Minti huɗu, Kaka! Minti huɗu da daƙiƙa goma sha ɗaya kina zazzage wa mutum sirrina a waya!"

"Ai da ya fi haka, tari ne ya katse ni."

"Au, abin dariya ne ma?"

"Wa ya yi dariya? Dubi bakina, a rufe yake."

Takwara ta wurga wayar kan katifa, wayar ta yi tsalle ta faɗa bayan matashi. Tana tsaye a tsakiyar ɗakin cikin rigar barcin nan mai ruwan toka da na tsana, ga shi har hantsi ya ɗaga. Kanta ya karkata hagu, haɓarta na neman kafaɗa, yana ɗan jijjiga kamar yadda yake yi in ranta ya ɓaci. Ta ɗora yatsa a kumatu don ya lafa, ya ƙi.

"Wa ya ba ki lambar buɗe wayata?"

"Ranar haihuwata kika sa. In ba ni ba, wa zai sani?"

"Kin kashe ni, Kaka. Wallahi kin gama da ni."

To jama'a, ku da kuke karanta ni, kada ku yi saurin yanke mini hukunci. Na san wasunku har sun fara cewa tsohuwar nan ba ta da kirki. E, na taɓa wayar jikata. Na amsa laifina. Amma ku gyara zama in faɗa muku yadda aka yi, sannan kowa ya zage ni daidai ƙarfinsa.

Takwara 'yar ɗana ce, sunana aka sa mata, ɗaki ɗaya muke kwana tun tana rarrafe. Shekara biyu da rabi ke nan da wuyanta ya fara ciwo. Da fari mun ce kwanciya ce ba daidai ba. Aka sayo man zafi, aka canja matashin kai har sau huɗu, aka kira mai tausa ta murje ta kamar wanki. Maimakon sauƙi, sai kan ya fara juyawa hagu da kansa. Tana son ta kalli gabanta, wuyan ya ce shi taga yake so. Sai da muka dangana da likitan jijiyoyi, wata doguwar mata mai tabarau, ita ce ta yi mana bayani dalla-dalla: naman wuyan ne yake ɗaurewa ba da izinin mai shi ba, saƙon da ke zuwa masa daga ƙwaƙwalwa ne ya rikice. Ba jifa ba ne, ba iska ba, ba kuma shagwaɓa ba. Akwai allurar da ake yi duk wata uku, tana sassauta shi. Tana sassautawa, na ce, ban ce tana raba ta da shi ba.

Ciwon kuwa ba shi ne ya fi cin ta ba. Idanun mutane ne. A lokacin tana aiki a wani shagon buga takardu, ita ce a gaba wajen karɓar mutane. Wata rana a motar haya, wata mata ta taso mata da masifa wai tun da aka taso take ƙare wa mijinta kallo. Mijin kuwa, Takwara ta ce, ko kyauta aka ba ta ba za ta karɓa ba. Mota ta ɗauki dariya. Yarinya ta sauka tun kafin a kai tasharta, ta tako da ƙafa har gida, ta shige ɗaki. Wata goma sha ɗaya ke nan ba ta taka bakin titi da ƙafarta ba. In ban da ranar allura, da babanta yake kawo mota har ƙofa ta shige a lulluɓe kamar kayan sata, ba ta fita.

Sai ta daina kwalliya. Ta juya madubi ya kalli bango. In an yi sallama gabanta ya faɗi, tafin hannunta ya jiƙe. Ƙawaye suka kira suka gaji. Wata safiya ina ninke bargo ta ce da ni, a hankali kamar mai tambayar lokaci, "Kaka, da ma mutum ya kwanta kawai kada ya tashi."



A allura ta gaba na bi su, na ja likita gefe na faɗa mata. Ta cire tabarau ta ce na kyauta da na faɗa. Ta ce masu irin wannan ciwon da yawa suna haɗawa da ciwon damuwa da fargaba, kuma ba rashin haƙuri ba ne, shi ma ciwo ne mai zaman kansa da maganinsa. Fargaba tana ƙara ɗaure wuya, wuya yana ƙara fargaba, haka suke ta miƙa wa juna. Aka ba ta ƙwaya, aka haɗa ta da wata mai ba da shawara da suke magana a waya duk Talata. Ba a rana ɗaya ba, amma na ga canji. Ta koma wanka kafin azahar. Ta buɗe kwamfutarta ta fara karɓar aikin gyaran hotuna daga gida.

Nan Mai Hoto ya shigo labarin.

Shagonsa yana can bayan gidan mai, tafiyar minti goma. Shi yake ɗaukar hotunan biki, ya turo mata, ita kuma ta gyara: ta share ƙuraje, ta daidaita haske, wanda ya karkace ta miƙar da shi. Ni kuwa kakata ta yanke saƙa da zaman gida, don kullum ina gefenta ina kallon mutane kyauta. "Wannan amaryar hoda ta yi mata yawa. Waccan uwar angon ba ta so auren nan ba, dubi bakinta." Bai taɓa ganin ta ba, ita ma haka. Aiki ne kawai. Sai aikin ya fara zuwa da 'yan kalmomi a ƙasa.

Wata rana na ji wani sauti daga kan tebur, na zabura na ɗauka shaƙewa ta yi. Ashe dariya ce. Na leƙa ta saman kafaɗarta. Karatuna ba mai gudu ba ne, amma in gulma ce ina kai wa ƙarshen layi.

"Malama, kin rage wa ango tumbi har uwarsa ta ce wannan ba ɗanta ba ne. Don Allah a mayar masa da rabi."

Ta rubuta: "Rabin sama ko rabin ƙasa?"

Daga nan sai gaisuwar safe. Daga gaisuwar safe sai "kin ci abinci?" Daga nan sai aka fara kifa waya in na shigo. Wata bakwai ana haka. Da ya nemi hotonta, ta tura masa wani na kafin ciwo, tana sanye da jan gyale, kai a miƙe kamar na soja. Da ya ce yana so ya zo gida ya gaishe da manya, sai ta fara jero dalilai.

Ni kuwa ban san da ni ake dalilan ba sai shekaranjiya. Tana banɗaki, waya ta yi ƙara a kan gado, idona ya faɗa kai. Ni ban kai idon ba, shi ya faɗa.

"Ya jikin Kaka? Ƙafar ta saki kuwa?"

Ƙafa? Na dubi ƙafafuna biyu, lafiyarsu ƙalau. Na danna ranar haihuwata na hau sama. Jama'a, yarinyar nan ta kwantar da ni zazzaɓi sau biyu. Ta ɗora mini hawan jini. Ta zamar da ni a banɗaki. A watan jiya ma har ƙarin ruwa aka yi mini, ban sani ba! Bawan Allah yana ta yi mini addu'a, ni ina nan ina cin gyaɗa.

Na so in yi dariya, sai na ga abin da ke cikin akwatin rubutu a ƙasa, wanda ta rubuta ba ta tura ba tukuna:

"Ka yi haƙuri. Ni ba irin wadda kake zato ba ce. Ka nemi wata, aikin ma ka nemi wani ya riƙa yi maka."

Aikin ma! Abu ɗaya da ke tashin ta da safe. Sai na ga ɗakin nan ya koma yadda yake bara, madubi a juye, labule a sake. Na danna ɗan hoton makirfon nan na riƙe, na kai bakina.

Na ce: "Salamu alaikum, ɗan nan. Ni ce Kakar da aka ce ta karye. Ban karye ba." Na faɗa masa wuya, na faɗa masa allura, na faɗa masa matar motar haya. Na faɗa masa akwai ranakun da ba ta iya ɗaga labule. Na ce in zai gudu ya gudu yanzu da ƙafarsa, kada ya bari sai ta saba da shi fiye da haka. In kuma zai zo, ya zo da idon mutunci, don in ya zo da na kallo ni zan fitar da shi da muciya. Sai tari ya sarƙe ni, yatsana ya saki, saƙo ya tafi.

Amsarsa daƙiƙa tara ce. "Kaka, na ji. Alhamdu lillahi da ƙafa. Jibi ƙarfe huɗu ya yi? Kuma me kike so in riƙo miki?"

Jibin nan ita ce yau. Shi ya sa kuka tarar da mu muna wannan sa-in-sa.

Hayaniyarmu ta jawo surukata, uwar Takwara, ta shigo da ludayi a hannu. Mace ce mai kirki, sai dai ita a ganinta duk abin da aka rufe da ƙyalle mai kyau ya warke. Da ta ji baƙo zai zo, ba ta tsaya jin sauran ba.

"Yau? Ƙarfe huɗu? Inna, kuma sai yanzu ake faɗa mini?" Ta juya ga 'yarta. "To ki ji. Babban gyalen nan mai ruwan zuma za ki naɗa, ki zagaya shi sau uku ya rufe wuyan. Kujerar lungu za ki zauna, in sa miki matashi ta hagu ya tokare. Ki dafe kumatu kamar mai jin kunya. Minti ashirin ne, ki daure. In ya saba da ke, daga baya a faɗa masa a hankali."

"Umma, Kaka ta riga ta faɗa masa komai."

"Komai kamar me?"

"Har ƙwayar da nake sha."

Surukata ta dube ni. Ni kuma na ga ya dace in duba ko akwai ƙura a saman kwaba.

"Inna, wa yake tallan kayansa ya fara da nuna inda ya yage?"

"'Yar nan, jikata ba kaya ba ce. Kuma ba ta yage ba, ta karkata ne."

Ta fita tana sababi, na ji tana jan kujeru a falo. Ko da an faɗa, a wurinta matashin nan sai an sa shi.

Da na waiwayo sai na ga Takwara ta sulale ƙasa ta jingina da gado. Numfashinta yana fita guntu-guntu, gumi ya keto a goshinta, wuyan ya ja har jijiyar ta miƙe kamar igiya. Duk iya shegena ya gudu. Na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa, na kama hannunta.

"Ja numfashi. Yadda matar Talata ta koya miki. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Riƙe. Saki."

Muka yi ta yi tare, har ni jiri ya fara ɗiba ta.

"Zai kalle ni kamar yadda suka kalle ni a mota," ta ce.

"Mai yiwuwa."

Ta zaro ido. Ta zaci zan ce a'a.

"Ni ban san shi ba, Takwara. Muryarsa kawai na ji, daƙiƙa tara. Na yi miki shisshigi, sirrinki ne ba nawa ba, ki yafe mini. Tsoro ne ya kama ni da na ga abin da kika rubuta. Yanzu magana tana hannunki. In kin ce kada ya shigo, a ƙofa zan tare shi in karɓi tsarabata in sallame shi."

"Ki karɓi tsarabar kuma?"

"To laifin ayaba mene ne?"

Wata 'yar dariya ta kufce mata ta hanci, ta yi sauri ta haɗiye.  Sannan ta ce, "Zan fita. Amma ba don ke ba. Zan faɗa masa da bakina ya tafi, don kada ya ce tsohuwa aka aiko."

Na ce to. A raina na ce, ko don zagi ne dai a fito.

Ƙarfe uku ta yi wanka. Ta ciro doguwar riga shuɗiya mai ƙananan maɓallai a hannu, wadda ke ninke tun bikin ƙawarta, har layin ninkin ya zauna, sai da na goge mata sau biyu. Ta juyo da madubi, ta kalle shi ta gefe, ta zizara kwalli. Layin ya ɗan zarce.  Ta ɗauki gyalen mai ruwan zuma ta naɗa, sau uku kamar yadda uwarta ta ce, har ta koma kamar mai mura.

Huɗu saura minti biyar aka ƙwanƙwasa.

Ni na buɗe. Jama'a, in kuna jiran dogo mai faɗin ƙirji, ku sauke ranku. Gajere ne, mai ɗan kauri, farar riga an goge ta har tana ƙyalli, ga sanƙo ya fara cin gaba yana neman tsakiya. Jakar kamara a kafaɗa ɗaya, ledar ayaba da lemo a ɗaya hannun. Ya rusuna har ƙasa.

"Kaka, ina wuni? Ya ƙafa, ya hawan jini, ya zazzaɓi?"

"Duk sun warke rana ɗaya. Shigo, ɗan nema."

Surukata ta zaunar da shi a doguwar kujera, daidai gaban kujerar lungu da ta shirya da matashinta. Ta jera shayi da biskit a faranti na baƙi, wanda ni ko taɓa shi ba a bari in yi. Ni na zauna kusa da ƙofa da carbina, wai ba na ji.

Takwara ta fito. Tafiya take kamar mai taka ƙwai, yatsa a kumatu. Ta zauna. Tana sauke hannu don ta gyara riga, wuyan ya ƙwace. Ya ture matashin ya faɗi ƙasa, ya kai fuskarta can hagu, wajen taga, inda babu kowa sai tukunyar fure da firji. Baƙo yana gabanta, ita tana kallon firji. Kan yana jijjiga. Na ga kunnenta ya yi ja.

Falo ya yi tsit, har ana jin agogon bango.

"Juyo mana ki gaishe shi," surukata ta ce ƙasa-ƙasa. "Ɗan daure."

Kalmar nan, daure. Tana jin ta wuyan ya ƙara ja. Na ga hawaye ya taru. Na fara laluben inda na ajiye muciya, ban ma san wa zan doka ba.

Sai Mai Hoto ya ajiye kofinsa. Ya miƙe, ya dubi taga, ya dubi fuskarta, ya ɗan karkata kai irin na masu auna abu. Ya ɗauki ƙaramar kujerar roba da muke ɗora guga, ya ce, "Umma, a yi mini afuwa," ya matsar da tukunyar fure, ya cusa kujerar tsakanin firji da taga, ya matse kansa ya zauna, gwiwarsa na gogar bango. Daidai inda fuskarta ke kallo.

"Yawwa," ya ce. "Sannu, Malama. Ashe haka kike."



"Ku yi haƙuri da rashin ta-ido," ya ce da mu. "Sabo ne na aiki. In na je ɗaukar jariri ko tsoho, ba na cewa su juyo. Ni da ke da ƙafa ni nake zagayawa. Kuma nan ɗin ya fi haske."

Ni dai carbi ya tsaya a hannuna. Shekara biyu da rabi! Ni, da uwarta, da ubanta, kullum muna tsaye a gabanta muna cewa juyo, kalle ni, miƙe. Ba wanda ya taɓa tunanin ɗaga kujera. Na saci kallon surukata, na ga ta sunkuya tana ɗaukar matashin nan, ta rungume shi a ƙirji, ta kasa ɗagowa.

Takwara ta share ido da bakin gyale. Ta tattaro jawabin da ta shirya.

"Ba ya warkewa. Allura tana rage shi ne kawai, in ta kusa ƙarewa ya fi haka muni."

"To."

"Akwai ranar da ba na iya tashi daga gado. Ba ciwon wuya ba, haka kawai. Ina shan magani. Ina tsoron mutane. Ina tsoron ƙofar can."

"To."

"Kuma hoton da na tura maka tsoho ne."

"Wannan na sani tun ranar. Akwai kalanda a bayanki, shekarar tana nan ɓaro-ɓaro. Mai gyaran hoto guda, ki bar kalanda!" Ya shafa kansa. "Ni ma wanda na tura miki, ai kin ga akwai gashi."

Dariya ta ƙwace mini, na mayar da ita tari.

"Ban zo in ce na san ciwon nan ba," ya ci gaba, murya ta sauka. "Ban san shi ba, sai abin da Kaka ta faɗa kafin tari ya ɗauke ta. Abu ɗaya nake so ki koya mini. Ranar da ba ki iya tashi, me ake yi? Shiru ake yi, ko surutu? Don ni duka biyun na iya, amma surutun ya fi zauna mini."

Ta daɗe tana kallon sa. Kuma jama'a, kallon sa take yi, ido cikin ido, ba yatsa a kumatu.

"Wani lokaci shiru," ta ce. "Wani lokaci a turo aiki."

"Aiki kam akwai. Ango mai tumbi ya kawo ƙaninsa."

Daga nan hira ta ɓalle. Zafi ya dame ta, ta warware zagaye ɗaya na gyalen. Can ta warware na biyu. Surukata ta tashi wai za ta ƙaro ruwan zafi, na ji ta a kicin tana fyace hanci. Ni na ci ayaba uku. Sallamar da aka fito yi, ban ji an ambace ta ba, ni kuma ban tuna wa kowa ba.

Sai ɗan neman nan ya kurɓi shayi ya ce, kamar ba komai, "Af, Malama, akwai ɗan ƙorafi. Babban hoton nan na bakin ruwa da kika gyara, wanda na buga na rataya a shago. Mutane suna cewa ya karkata."

Kofi ya tsaya a hannunta. "Ya me?"

"Kaɗan dai. Kamar ruwan zai zube ta gefe ɗaya."

Ku ji ni da kyau. Takwara za ta yarda ka ce ba ta iya dafa ruwa ba. Amma aikinta? Na ga wani abu ya taso a idonta wanda rabona da shi tun tana faɗa da masu kawo takarda a shagon da ta bari.

"A kan layin awo na daidaita shi. Sau biyu na duba. Wuyana ne ya karkata, malam, ba aikina ba!"

"Ni dai abin da ido ya gani na faɗa."

"Bangonka ne a karkace!"

"Bangona lafiyarsa ƙalau."

"To wanda ya buga shi ne ya yanke ba daidai ba. Nuna mini a waya."

"A waya ba ya nunawa. Sai an tsaya a gabansa."

Ta miƙe tsaye, gyalen ya zame ya faɗi kan kujera, ba ta ko waiwaye shi ba. Ta shige ɗaki, na ji ana jan akwatin takalma daga ƙarƙashin gado, ana watsi da kaya.

Na matso da kujerata. "Kai, ɗan nan. Tsakaninka da Allah, hoton nan ya karkata?"

Ya leƙa ƙofar ɗakin, ya rage murya. "Ya karkata, Kaka. Ƙusar ce ta sunkuya. Ni na kafa ta, ban iya riƙe guduma ba."

"Ka san da haka ka ɗora mata?"

"Ni ban ce laifinta ba ne. Cewa na yi ya karkata."

Na dube shi sama da ƙasa. Gajere, mai sanƙo, ga iya shege. A raina na ce wannan ko ni na haife shi sai haka.

Ta fito da ƙaramin mayafi a kai, jaka a kafaɗa, takalmin fita a ƙafa, ƙura ma ba a kaɗe ba. A hannunta ga doguwar rula ta ƙarfe. Da ta iso bakin ƙofa sai ta tsaya. Ta kama mariƙin, na ga ƙirjinta yana hawa yana sauka. Ƙarar titi tana shigowa, masu babur, mai tallan ruwa. Leɓɓanta suna motsi: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ba wanda ya ce daure. Surukata tana ƙofar kicin da buta a hannu, ta toshe bakinta da ɗayan.

Mai Hoto ya saɓa jakarsa, ya zagaya ya tsaya ta hagunta.

"Ta wannan gefen zan bi," ya ce. "In wani ya tambaya wa kike kallo, ni ne."

Ta murɗa mariƙin. Sannan ta juyo da jikinta gaba ɗaya, ta nuna ni da rular.

"Ke kuma, tsohuwa, ban gama da ke ba. Ina dawowa zan canja lambar wayata."

"Canja mana. Ranar haihuwarsa za ki sa, ita ma na tambaye shi."

"Yaushe?"

"A saƙo na biyu."

"Akwai na biyu?!"

Mai Hoto ya yi wuf ya fice. Ta yi ƙwafa, ta bi bayansa, ta maka ƙofar nan da ƙarfin da sai da agogon bango ya karkace, kofuna suka yi ƙara a faranti na baƙi.

Surukata ta zabura za ta je ta miƙar da agogon.

Na ce, "Bar shi haka, 'yar nan. Matso da kujerarki."